Baƙon Makaɗin da Ya Sauya Faifan Layla

A watan Nuwamba na shekarar 1970 wani faifan waƙoƙi ya shiga kasuwa a Amurka, babu sunan mawaƙi a fuskar bangonsa, babu sunan faifan kansa, sai zanen wata mace da furanni a gabanta. Sunan faifan Layla and Other Assorted Love Songs, ƙungiyar da ta yi shi kuwa Derek and the Dominos. 'Yan ƙungiyar su huɗu ne, amma duk wanda ya san kiɗan rok zai ce maka mutum biyar ne suka yi aikin. Na biyar ɗin wani saurayi ne ɗan shekara 23 daga kudancin Amurka, mai suna Duane Allman. Ba ɗan ƙungiyar ba ne, ba da shi aka tsara tafiyar ba, har ma an riga an fara aiki kafin ya sa ƙafa a situdiyon. Duk da haka ya kaɗa jita a waƙoƙi 11 cikin 14 da ke faifan, kuma yau da wuya a ambaci Layla ba a ambace shi ba.

Yawancinmu idan muna sauraron waƙa, muryar mai rerawa muke bi, kiɗan kuwa mu bar shi a baya kamar ba wani abu yake yi ba. Labarin Allman zai nuna wa mai karatu irin aikin da makaɗin jita yake yi idan ana naɗar faifai: yadda yake kawo sabon sauti, yadda yake sauya fasalin waƙa, da yadda zamansa kaɗai a ɗaki yake tayar da sauran makaɗa daga barci.

Halin da Clapton yake ciki

Jagoran ƙungiyar shi ne Eric Clapton, Bature ɗan Ingila, haifaffen 1945. Shekarunsa 25 a lokacin, amma ya riga ya ga jiya ya ga yau a harkar kiɗa. Ya zauna a ƙungiyar Yardbirds, ya koma wurin John Mayall inda ya zurfafa a kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka, sannan a 1966 suka kafa Cream shi da Jack Bruce da Ginger Baker, makaɗin gangar nan da daga baya ya zauna a Legas ya yi aiki da Fela Kuti. A Cream, Clapton kaɗai ne mai jitar gaba, kuma jama'a kan cika wuri ne don su ga yana zuba gwaninta na tsawon mintuna ba tsayawa. Samarin Landan har rubutu suke yi a bangon titi suna kai shi matsayin da bai dace da ɗan Adam ba. Wannan kambamawa ta ishe shi. Cream ta watse a 1968, ƙungiyar Blind Faith da ta biyo baya faifai ɗaya kawai ta yi a 1969, shi kuwa burinsa ya koma ya zama ɗaya daga cikin makaɗa, a daina nuna shi da yatsa.

Abin da ya sa ke nan ya ɓuya a bayan sunan Derek. Abokan tafiyarsa Amurkawa ne uku da ya sani tun a ƙungiyar Delaney da Bonnie: Bobby Whitlock mai fiyano da ogan, wanda kuma suke rera waƙa tare, da Carl Radle mai jitar bas, da Jim Gordon mai ganguna. Sun goge da juna a farkon daminar 1970 lokacin da suka yi wa George Harrison na ƙungiyar Beatles kiɗa a faifansa All Things Must Pass.

A nan ne kuma wata damuwar ta Clapton take. Ya kamu da son Pattie Boyd, matar Harrison, wanda amininsa ne. Wannan ba abin yabo ba ne a kowace al'ada, shi ma ya san da haka, abin yana ta cin sa a rai. Ana cikin haka wani abokinsa marubuci, Ian Dallas, ɗan Sikotilan da ya musulunta aka san shi daga baya da Shaihu Abdulƙadir as-Sufi, ya gabatar masa da labarin Laila da Majnun kamar yadda Nizami ya tsara shi da Farisanci a ƙarni na 12. Labarin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe: Ƙaisu ya so Laila, aka hana shi, aka aurar da ita ga wani, ya zauce ya shiga jeji. Clapton ya ga kansa a ciki. Daga nan sunan faifan ya fito, har ma waƙar "I Am Yours" da ke ciki an rubuta Nizami a cikin marubutanta.

A ƙarshen watan Agusta suka sauka Mayami a jihar Fulorida, suka shiga situdiyon Criteria ƙarƙashin furodusa Tom Dowd. Dowd tsohon hannu ne a kamfanin faifai na Atlantic, ya naɗi Ray Charles da John Coltrane da Aretha Franklin, kuma shi ya yi wa Cream aikin injiniya a faifan Disraeli Gears. Kwanakin farko ba su yi armashi ba. Akwai ƙwararrun makaɗa, akwai guntayen waƙoƙi, akwai kuɗin situdiyo da ke ta tafiya, amma aikin ya ƙi kankama.

Wane ne Duane Allman?

An haifi Duane Allman a Nashville ranar 20 ga Nuwamba 1946, ya tashi a Daytona Beach da ke Fulorida tare da ƙanensa Gregg. Sun yi ta kafa ƙananan ƙungiyoyi suna rushewa, har suka je Los Angeles neman sa'a ba su samu ba. Ƙofa ta buɗe masa ne a 1968 a wani ƙaramin gari na jihar Alabama, Muscle Shoals, inda Rick Hall yake da situdiyon FAME. Nan ya zama makaɗin haya, wato wanda ake kira ya yi wa mawaƙi kiɗa a biya shi ladansa ya tafi.

A ƙarshen wannan shekara Wilson Pickett ya zo naɗar waƙoƙi. Allman ya ba shi shawarar ya rera "Hey Jude" ta Beatles, shawarar da mutanen situdiyon suka ɗauka shirme ne, tunda waƙar tana tashe a hannun masu ita. Pickett ya yarda aka gwada. A ƙarshen waƙar, inda Pickett yake kwarara ihu, jitar Allman ta riƙa bin sa tana mayar masa da martani. Wannan ɗan gutsuren kiɗa ne ya kai sunan Allman kunnen manyan Atlantic, kuma shi ne ya kai shi kunnen Clapton, wanda ya ji waƙar ya shiga tambayar wane ne wannan mai jita. Daga nan Allman ya yi wa Aretha Franklin da King Curtis da Boz Scaggs kiɗa.

Aikin haya ya koya masa abin da manyan taurari da yawa ba su iya ba: ka shiga waƙar wani ka ƙawata ta, ba tare da ka ture mai ita gefe ba. A 1969 kuma ya kafa tasa ƙungiyar, Allman Brothers Band, da mazauni a garin Macon na jihar Jojiya. Tsarinta ya bambanta da na sauran: masu ganguna biyu, masu jitar gaba biyu, shi da Dickey Betts. Kowane dare sai ya raba fili da wani gwani, wani lokaci su jera sauti tare, wani lokaci ɗaya ya ja ɗaya ya bi. Waɗannan darussa biyu ne ya shigo da su Criteria.

Daren da suka haɗu

Tom Dowd ne mahaɗin. A daidai wannan lokaci yana aikin faifan Allman Brothers na biyu, Idlewild South, don haka ya san mutanen biyu, ya kuma san kowannensu yana ganin girman ɗan'uwansa daga nesa. Da aka ji ƙungiyar Allman za ta yi wasa a Mayami, sai Dowd ya kwashi Clapton da mutanensa ya kai su, aka zaunar da su a ƙasa dab da dandamali. Kamar yadda Dowd ya sha ba da labari, Allman yana tsakiyar kiɗa idonsa a rufe, da ya buɗe ya ga wanda ke zaune a gabansa sai hannunsa ya tsaya cak, Betts ne ya karɓa ya rufa masa asiri.

Bayan an tashi daga wasa suka ɗunguma gaba ɗaya zuwa situdiyo, suka kwana suna kiɗa har gari ya waye rana ta yi. Allman ya roƙi a bar shi ya riƙa zuwa kallon yadda ake aiki. Clapton ya ce idan zai zo, to ya zo da jitarsa. Daga wannan dare aikin da ya ƙi motsi ya kama gudu, cikin 'yan makonni aka naɗe kusan duk faifan, duk da cewa Allman yana fita ya cika alkawuran wasan ƙungiyarsa ya dawo.

Kwalbar magani a yatsa

Abu na farko da ya kawo shi ne sauti. Domin a gane shi sai an san yadda jita take. A wuyanta an gitta siraran ƙarafa, tun daga sama har ƙasa. Makaɗi yana danne tsirkiya a bayan ɗaya daga cikin ƙarafan nan, tsawon tsirkiyar ya ragu, sauti ya hau. Saboda haka sautin jita hawa-hawa yake tafiya, daga wannan mataki ya tsallaka zuwa wancan. Amma akwai wata tsohuwar dabara ta makaɗan buluz na yankin Misisipi: a sa wuyan kwalba ko guntun ƙarfe a yatsa, a ɗora shi a kan tsirkiya ba tare da an danne ta ba, a riƙa zamar da shi. Da haka an tsallake ƙarafan, sautin sai ya riƙa sulalewa yana lanƙwasa. Wanda ya saba jin goge ya san irin wannan sauti, domin shi ma goge ba shi da matakai, shi ya sa yake iya bin muryar mawaƙi duk inda ta karkata har ka rantse magana yake yi.

Allman ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Elmore James da Muddy Waters da Robert Johnson duk sun riga shi. Shi kansa ya kamu da ita ne bayan ya ji Jesse Ed Davis yana yin ta a faifan mawaƙi Taj Mahal na 1968, a waƙar "Statesboro Blues". Abin da ya samu a kusa da shi wata 'yar kwalbar maganin mura ce mai suna Coricidin. Ya juye ƙwayoyin, ya zura kwalbar a yatsan zobe, kuma irin wannan kwalba ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Dabarar tana da wuyar sha'ani. Tunda babu ƙarfen da zai tsayar maka da sauti a daidai, kunne ne kaɗai jagora, kuskuren da bai kai faɗin tsinke ba ya isa ya ɓata kiɗa. Ga shi kuma kwalbar tana taɓa tsirkiya fiye da ɗaya, waɗanda ba a so su yi ƙara sai su riƙa gunaguni. Allman yakan ajiye 'yar robar kaɗa jita idan zai yi wannan salo, ya yi amfani da yatsunsa tsirara: ɗaya yana fizgar tsirkiyar da ake so, sauran suna danne maƙwabtanta. Shi ya sa sautinsa yake fita tas, babu hayaniya. Makaɗan da suka gabace shi sun fi amfani da kwalba wajen maimaita gajerun jimloli, shi kuwa ya mayar da ita abin jan doguwar jimla, irin wadda mai busa ko mai rerawa yake ja.

Jita biyu a ɗaki ɗaya

Abu na biyu shi ne zaman tare. Haɗa gwanaye biyu a waƙa ɗaya ba ƙaramin haɗari ba ne. Sau da yawa abin yakan koma gasa, kowa yana neman ya danne ɗan'uwansa, mai sauraro ya tashi da ciwon kai. Abubuwa uku suka hana hakan faruwa a Criteria.

Na farko, jitocin nasu ba muryarsu ɗaya ba. Clapton yana riƙe da Fender Stratocaster ƙirar 1956 wadda yake kira Brownie, mai siririyar murya mai kaifi. Allman kuwa Gibson Les Paul ƙirar 1957 ce a hannunsa, mai fentin zinare, muryarta mai kauri ce, kuma sautinta yakan daɗe bai mutu ba. Ko sun kaɗa abu ɗaya a lokaci ɗaya, kunne yana iya raba su.

Na biyu, ba su yi amfani da manyan akwatunan ƙara sauti irin na filin wasa ba. Ƙananan akwatuna suka jona, irin su Fender Champ, wanda ƙarfinsa bai wuce wat biyar ko shida ba. Hikimar ita ce, ƙaramin akwati idan aka murɗe shi har ƙarshe yana ba da sautin nan mai kaushi da ake so a rok, amma ƙararsa ba ta cika ɗaki ta kutsa makirufon ganga ko na fiyano. Wannan ya ba su damar zama wuri ɗaya, suna ganin hannun juna, suna kiɗa lokaci guda.

Na uku shi ne halin mutanen. Clapton ya gaji da zama shi kaɗai a gaba, Allman kuwa ya saba da rabon fili. A "Why Does Love Got to Be So Sad?" za ka ji sun tashi da gudu kamar za su yi karo, jita biyu suna saƙa a jikin juna, can wajen ƙarshe su lafa tare. A "Have You Ever Loved a Woman" kowa ya karɓi nasa zagayen, Allman da kwalba, Clapton da yatsa, kuma da yawa daga masana suna sa kiɗan Clapton a nan cikin mafi zafin da ya taɓa naɗa. Samun wanda zai iya amsa masa ya sa ya daina rowar abin da ke hannunsa.

"Key to the Highway" kuwa ba a ma shirya ta ba. Tsohuwar waƙar buluz ce da aka fi sani da Big Bill Broonzy. Sun jiyo mawaƙi Sam the Sham yana naɗar ta a wani ɗakin na situdiyon, sai kawai suka kama kaɗa ta don nishaɗi. Dowd ya ji abin da ke faruwa ya ce maza a kunna na'ura. Shi ya sa a faifan waƙar ba ta da farko, a hankali sautin yake tasowa daga tsakiyar kiɗa, ya ci gaba fiye da minti tara, su biyun suna ta miƙa wa juna. Sun kuma naɗi "Little Wing" ta Jimi Hendrix don girmama shi, kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 18 ga Satumba 1970, Hendrix ya rasu a Landan.

Yadda aka gina waƙar "Layla"

Abu na uku, wanda ya fi sauran fitowa fili, shi ne abin da ya yi wa babbar waƙar faifan. Clapton ya zo da "Layla" a matsayin waƙa mai tafiyar hawainiya, ta mai kuka da kansa. Abin da ta rasa shi ne take, wato ɗan gajeren kiɗan da zai buɗe ta, ya riƙa dawowa, wanda da an ji shi an san waƙar. Allman ne ya kawo shi. Ya ɗauko karin wata jimla daga "As the Years Go Passing By" kamar yadda Albert King ya rera ta a 1967, waƙa mai sanyin tafiya, ya ninka saurinta, ya mayar da ita kan jita. Clapton da kansa ya sha faɗin cewa daga Allman wannan take ya fito. Da shigowarsa yanayin waƙar ya juye, mai kukan zuci ya koma mai kururuwa.

Sai aikin na'ura ya shigo. A Criteria a lokacin ana naɗa ne a kan tef mai layi 16, ma'ana kowane kayan kiɗa yana da layinsa, kuma ana iya dawowa a ɗora sabon kiɗa a kan wanda aka riga aka naɗa. Abin da kunne yake ɗauka jita ɗaya ce mai ƙarfi a farkon "Layla", a gaskiya jitoci ne wajen shida aka jera. Akwai mai riƙe da ginshiƙin kiɗan, akwai masu kaɗa taken a ƙasa da sama lokaci guda, akwai masu yi masa rakiya. A saman su duka kwalbar Allman take shawagi. Wajen ƙarshen kashin farko yakan zamar da ita har ta wuce inda ƙarafan wuyan jita suka ƙare, ya fitar da sautuka masu tsananin tsini waɗanda yatsa ba zai taɓa kai wa gare su ba. A wani fim na tarihin rayuwar Tom Dowd da ya fito a 2003, an nuna shi zaune gaban na'ura yana ware layukan nan ɗaya bayan ɗaya, yana jinjina wa wannan wuri.

Kashi na biyu na waƙar, mai fiyano, ba a rana ɗaya aka naɗe shi da na farko ba. Sai bayan kimanin mako uku aka dawo aka yi shi, Jim Gordon yana kan fiyano, sannan aka yanka tef aka liƙa shi a jikin na farko, waƙar ta kai minti bakwai da 'yan daƙiƙu. A nan ma Allman yana nan, amma ya sauya hali. Ya rage zafi, yana bin fiyanon a hankali, ya rufe da wani ɗan sauti mai kama da kukan tsuntsu. Mutum ɗaya, kwalba ɗaya, aiki iri biyu a waƙa guda, domin ya san abin da kowane kashi yake bukata.

Sunan wa aka rubuta?

Idan ka duba takardar faifan, marubutan "Layla" biyu ne: Clapton da Gordon. Babu sunan Allman, alhali abin da kowa yake fara tunawa a waƙar nasa ne. Dalili shi ne al'adar masana'antar kiɗa ta ɗauki kalmomi da karin rerawa a matsayin rubutun waƙa, abin da makaɗi ya ƙara kuwa ana lissafa shi cikin ado. Bambancin ba na suna kaɗai ba ne. Marubuci yana karɓar kasonsa duk lokacin da aka sayi waƙar, ko aka sa ta a rediyo ko a fim, har magadansa su gada. Makaɗin da aka gayyato ba ya cikin wannan rabo na marubuta.

Kashin fiyanon ma bai tsira daga ƙorafi ba. Mawaƙiya Rita Coolidge, wadda ta yi soyayya da Gordon kafin lokacin, ta ce da ita aka tsara wannan kari, an ɗauka ba a sa sunanta ba, kuma Whitlock ya goyi bayan maganarta. Wannan darasi ne ga duk mai aikin fasaha da ake yi a taru: abin da aka rubuta a takarda ranar da aka gama aiki shi ne yake bin mutum, kuma ranar ce ta dace a yi maganar wa ya kawo me, tun ana ganin idon juna.

Bayan an tashi

Clapton ya nemi Allman ya shigo ƙungiyar dungurungum. Allman ya ƙi, ya ce yana da tasa. Sau ɗaya ko biyu kawai ya hau dandamali da su, a farkon Disamba 1970. A watan Maris na 1971 ƙungiyarsa ta naɗi faifan At Fillmore East a New York, Dowd ne dai furodusa, faifan da ya ɗaga su zuwa sahun gaba. Bai daɗe yana cin moriyarsa ba. Ranar 29 ga Oktoba 1971 ya yi hatsarin babur a Macon ya rasu, saura 'yan makonni ya cika shekara 25.

Faifan Layla kuwa da farko bai yi kasuwar da aka zata ba. A Amurka ya tsaya a lamba ta 16, a Ingila ko jerin bai shiga ba. Ɓuyan da Clapton ya yi ya yi aiki fiye da kima, har kamfani ya koma raba bajoji masu sanar da jama'a cewa Derek ɗin nan Eric ne. Sai a 1972, da aka sake fitar da waƙar "Layla", ta shiga goman farko a ƙasashen biyu, lokacin Allman ya riga ya rasu.

Akwai kuma ɓangaren da bai kamata a lulluɓe ba. An sha miyagun ƙwayoyi sosai a zaman Mayami, kuma masu son kambama labari sukan nuna kamar su ne sirrin kyan faifan. Abin da ya biyo baya ya ƙaryata su. Yunƙurin yin faifai na biyu a Landan a 1971 ya watse cikin rigima, ƙungiyar ta mutu da faifan situdiyo ɗaya tak. Clapton ya kulle kansa a gida kusan shekara uku yana fama da hodar heroin. Carl Radle ya rasu a 1980 yana da shekara 37, shaye-shaye sun lalata masa ƙoda. Jim Gordon ya haɗu da taɓin hankali mai tsanani, ya kashe mahaifiyarsa a 1983, ya ƙare rayuwarsa a tsare a 2023. Clapton ya samu ya fita, ya kafa cibiyar Crossroads ta jinyar masu shaye-shaye a tsibirin Antigua, kuma don tallafa mata ne ya yi gwanjon Brownie a 1999 a kan kusan dala rabin miliyan. Jitar Allman mai fentin zinare an sayar da ita a 2019 a kan dala miliyan 1.25.

To, shin da babu Allman da faifan bai yi kyau ba? Adalci shi ne a ce da zai yi. Waƙoƙi ukun da suka buɗe shi, "I Looked Away" da "Bell Bottom Blues" da "Keep On Growing", babu hannunsa a ciki, kuma ta tsakiyar tana cikin mafi kyan abin da Clapton ya rubuta. Muryar Whitlock da gangar Gordon da bas ɗin Radle su ne ƙashin bayan aikin tun daga farko har ƙarshe. Akwai ma masu kunnen da ke cewa kwalbar Allman ta ɗan kauce wa daidai a wasu wurare na kashin fiyano. Amma wannan rabuwa ta uku da goma sha ɗaya ta ba mai sauraro ma'auni a hannunsa. Ka saurari ukun farko, sannan ka wuce zuwa "Anyday" da "Key to the Highway" da "Layla", ka bar muryar mai rerawa, ka bi jitocin kawai. A ukun farko Clapton ne yake ɗora jita a kan jitarsa, yana amsa wa kansa, kuma ya san amsar tun kafin ta zo. A sauran akwai wani mutum a gefensa wanda bai san abin da zai kaɗa ba sai ya ji, dole ya kasa kunne, dole ya ba da amsa nan take. Wannan shi ne babban abin da Allman ya ƙara wa faifan, kuma ba a iya samun sa ta hanyar ɗora layi a kan layi, komai yawan layukan na'ura.